Jar Wayar Suruki

A shekarar da mahaifiyarmu ta rasu, babana ya fitar da kujerun falonsa ya shigo da jirgin ƙasa. Kujerun ya raba wa maƙwabta, ya sa kafinta ya haɗa masa wani faffaɗan tebur da ya cinye ɗakin, har sai mutum ya bi ta gefe yana shafar bango, sannan ya shimfiɗa layin dogo a kai. Jirgin ɗan ƙarami ne, kansa bai fi tafin hannu ba, da taragu masu ƙofofi da tagogi. A kasuwar kayan gwanjo ya tsince shi, cikin wani kwali tare da tsofaffin duwatsun guga, irin kayan da Turawa suka gaji da su aka loɗo mana a kwantena. Fanka ya je saye. Ya dawo da kwali, babu fanka, yana wani murmushi da rabonmu da ganinsa tun kafin jinyar Inna.

Baba tsohon ma'aikacin reluwe ne, aikinsa juya layi. Inda layin dogo ya rabu biyu akwai wasu harsunan ƙarfe da ake turawa dama ko hagu, duk inda suka kwanta nan jirgi zai bi. Shi ne mai tura su. Duk Agege babu wanda bai ji daga bakinsa ba cewa tun da ya kama aiki har ya ajiye, bai taɓa tura jirgi layin da ba nasa ba. Mai shayi ya ji, mai burodi ya ji, liman ya ji har ya haddace. Mu 'ya'yansa kuwa da wannan labarin aka yaye mu.

Ni ce babbar 'yarsa, ni kaɗai kuma na rage a Legas. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake ce mini Uwata. Gidan aurena ba nisa, hawan keke napep ɗaya ne, saboda haka kullum nakan kai masa abinci. Guiwoyinsa sun daina lanƙwasuwa, duk aikin da ke ƙarƙashin tebur ni ce mai shiga. Ina da 'ya'ya har da mai shirin gama sakandare, amma haka zan ɗaure zane a ƙugu in rarrafa ƙarƙashin katako, shi yana sama yana ba ni oda da muryar da yake yi wa leburori a da. Ban taɓa ƙorafi ba, don tun da jirgin ya shigo ya koma cin abinci.

Tsofaffin da yake zama da su a bakin masallaci su suka fara. A gabansa su ce oga reluwe, kai dai ka iya, a bayansa su ce tun da matar ta tafi kan ya taɓu. Ban san wanda ya kira gida a salula ba, amma akwai wanda nake zargi, kuma kullum yana cin goron Baba. Labari ya isa ƙauyenmu can bayan Kano cewa Baba ya koma wasan yara, wai har yana yi wa jirgin roba kuka da baki. Wannan kam gaskiya ne, yana yi, amma ba abin kai wa dangi ba ne.

Baffa yayan Baba ne. Ya girme shi nesa, sai dai noma ya busar da shi ya ajiye, ko tari ba ya yi. Ya aiko cewa da an gama girbi zai zo ya gani da idonsa. In ya tarar da abin da ya ji, zai tafi da ƙanensa gida, don ba zai bar ɗan'uwansa ya zama abin nuni a ƙasar Yarbawa ba. A gidanmu in Baffa ya ce tashi, ba a tambayar ina za a. Baba kuwa ya zo Agege tun gemu bai fito masa ba. Nan ya yi aure, nan ya binne matarsa, Yarbanci a bakinsa ya fi na wasu Yarbawan. Ƙauyen da ake ce wa gida, ko hanyar masallacinsa sai an nuna masa. Na tsorata ƙwarai. Shi ma ya tsorata, sai dai bai faɗa ba.

"Yaya ba ya raina aiki," ya ce mini wata rana yana goge layi da tsumma. "In ya ga jirgi yana ta zagaye kawai, zai ce wasa ne, kuma ya yi gaskiya. Amma in ya ga na danna nan, layi ya juya can, jirgi ya bar wannan hanya ya ɗauki waccan ya shiga tasha ya tsaya, zai san aiki ne. Zai bar ni."

A cikin kwalin akwai wasu 'yan injuna, kowanne bai fi kwalin ashana ba. Ƙarƙashin tebur ake ɗaure su, daidai inda layi ya rabu, da ɗan tsinken ƙarfe da ya leƙo sama ya riƙe harsunan layin. In an danna madanni, wuta ta taso daga batirin mashin da Baba ya ajiye a lungu, injin ya fizgi tsinken, layi ya juya. Kowane inji yana da 'yan kunnuwa uku na ƙarfe, sirara kamar farcen jariri, inda ake liƙa waya da dalma: na dama, na hagu, da na komawar wuta. Injunan lafiyarsu ƙalau. Waya ce babu.

Da abin da ke gida muka fara. Baba ba ya yar da komai, yana da jaka guda ta matattun cajojin salula. Muka feɗe su muka zaro 'yan siraran wayoyin ciki, na shiga ƙasa na jona. Ya danna. Injin ya yi ɗan gurnani, tsinken ya motsa kaɗan, ya tsaya a tsakiya.

"Yunwa yake ji," in ji Baba. "Wannan inji ba ya shan wuta a hankali, lokaci guda yake haɗiya ya gama. Siririyar waya kafin ta kawo masa daga lungu ta zubar da rabi a hanya. Kuma ki sani, layin da ya tsaya a tsakiya ya fi wanda bai motsa ba haɗari. A nan jirgi ke hawa ya faɗi."

Sai muka yanke igiyar wata tsohuwar rediyo. Kaurinta kamar na taliya, cikinta gashi-gashi ne na jan ƙarfe masu yawa, duk inda aka bi da ita tana bi ba gardama. Na liƙa, na fito. Ya danna, muka ji ƙas. Ya danna ɗayan, ƙas. Ya yi ta dannawa yana dariya har na ce Baba batir zai mutu.

"Ita ce wannan," ya ce. "Ba siririya ba, ba ƙatuwa ba, mai laushi. Launi uku nake so, don in kin shiga ƙasa ki san wacce ce dama wacce ce hagu."

Igiyar rediyon inji ɗaya ta isa, sauran suna jira. Irin wayar nan kuwa ko a kan tebur a bakin titi ana sayar da ita, da mijina tela ne ko mahauci da a ranar an gama. Amma mijina waya yake sayarwa. Shagonsa na kayan wuta yana kan hanyar Abule Egba, naɗin wayoyi tun daga ƙasa har rufi. A Agege kuwa, mutumin da surukinsa ke sayar da waya ba ya aikawa a sayo masa waya a shagon wani. Kafin keken da na hau ya juyo, magana ta riga ni gida: me yaron ya yi wa tsohon, ko auren ne ya fara tsami? Haka nan Baba ba zai buɗe baki ya roƙi surukinsa abu ba. Tun da aka ɗaura aurenmu ban taɓa ganin sun haɗa ido ba. Mijina zai tuɓe takalmi tun daga ƙofar gida, ya durƙusa a bakin ɗaki ya gai da tabarma, Baba ya amsa wa bango. Su tambayi juna gajiya da ruwan sama, shi ke nan kowa ya tsira da mutuncinsa. Falon nan mijina bai taɓa shigarsa ba, jirgin ma a bakina yake jin labarinsa.

Don haka saƙo ta kaina ya bi, kuma ba da sunan saƙo ba. Baba ya ce in na ga dama ina iya ambata wa mutumin gidana, cikin hira, cewa ni ce nake neman 'yar waya. Na ɗauki guntun igiyar rediyon na ajiye wa mijina kusa da kwanon abincinsa. Na ce irin wannan nake so, launi uku.

Ya ɗaga ta da yatsa biyu. "Wannan? Wa zai yi aiki da ita?"

"Ni."

"Ke da wa?"

Na tura masa kwanon miya. Ya gane.

"Haba maman yara. Baba fa. Wannan ai wayar masu gyaran rediyo ce, da ita muke ɗaure kwali a shago. In ɗauki wannan in kai wa Baba, a ce duk shagona abin da na ga ya dace da shi ke nan? So kike a yi da ni a Agege, abi?"

"Ita injin ke so."

"Inji bai san kwaliti ba. Bar ni da shi."

Washegari da hantsi keke ya tsaya a ƙofar gidan Baba, daidai lokacin da majalisar tsofaffi ta cika, kuma har yau ban yarda cewa dace aka yi ba. Aka sauke naɗin waya guda, sabuwa fil a ledarta, ja wur. Irin wadda ake ja wa na'urar sanyaya ɗaki ce a gidajen masu hali, silli ɗaya na jan ƙarfe a ciki, ta kusa kaurin fensir. Sai da mai keken ya sa hannu biyu. Tsofaffi suka taso suna shafa ta, wannan ya ce orijinal ce, wancan ya ce irin wannan suruki sai an tona. Wanda nake zargi da kiran Baffa shi ya fi kowa yabo.

Baba ya daɗe yana kallonta. "Ki ce masa na gode," ya ce. "Allah ya yi albarka."

A ranar ya sa na shiga ƙarƙashin tebur na cire igiyar rediyon, ita kaɗai da ke aiki. Na ce Baba a bar ko wannan ɗin mana. Ya ce in aka sa wa sauran injuna wayar yaron aka bar ɗaya da tsohuwar igiya, me aka faɗa masa ke nan? Na cire ina ƙunƙuni.

Wahalar da na sha da jar wayar nan Allah kaɗai ya sani. Ba ta lanƙwasuwa sai da filaya, in ta lanƙwasu kuma ta tsaya nan ƙememe. Dalma ta ƙi kama ta, don kaurin ƙarfen yana shanye zafin kafin ta narke, har yau akwai tabon ƙuna a wuyan hannuna. In Allah ya sa ta kama, sai wayar ta zama ita ce oga, ta ture ɗan injin daga mazauninsa ya karkace, tsinken ya riƙa gogar katako. Wani injin ma kunnensa ɗaya ta ɓalle masa gaba ɗaya, sai ajiye shi muka yi. Ga shi duk ja ce. In na kwanta a ƙasa na ɗaga ido, ja ta dama, ja ta hagu, ja ta komawa, sai da na yayyaga tsohuwar atamfata na ɗaɗɗaura musu don in bambanta. Bayan duk wannan, in an danna, wani lokaci layi ya juya, wani lokaci ya tsaya a tsakiya, ya danganta da yadda wayar ta kwana.

Na kawo shawara. Na ce bari in hau motar danfo in je kasuwar Oyingbo inda ba wanda ya san mu, in sayo mai laushin, mu bi da ita ta bayan katako, jar kuma mu bar ta a gaba don ado.

"Ranar da Yaya zai zo, yaron zai zo gaisuwa," in ji Baba. "Sana'arsa ce. Kallo ɗaya zai yi wa ƙarƙashin teburin nan ya gane. Ni kuma ban taɓa shimfiɗa layin ƙarya ba, ba zan fara da tsufana ba."

Na koma wa mijina. Na ce wayar nan ba ta yi ba.

"Baba ne ya faɗa?"

"Ni na gani. Ni ke shiga ƙarƙashin teburin."

"Me Baba ya ce?"

"Ya ce Allah ya yi albarka."

"To kin ji," ya ce, ya ci gaba da cin abincinsa.

Na ce to ya zo ya gani da idonsa. Ya ajiye cokali ya dube ni. "In shiga ɗakin Baba in duba masa aiki? Mutumin da ya yi reluwe tun ba a haife ni ba? Ke dai kunya ce ba ta ishe ki ba, shi ya sa komai yake miki sauƙi."

Na sake komawa wurin Baba, na ce ya bar ni in ce shi ya ce wayar ta yi kauri.

"Ban ce ba," in ji shi. "In kika ce na ce, kin yi mini ƙarya."

Na ji haushinsu har na rasa wanda zan fi jin haushi. Maza biyu, ɗaya ya san jirgi, ɗaya ya san waya, tsakaninsu tafiyar keke ɗaya, amma maganar da ba ta fi numfashi guda ba ta gagare su. Kowannensu kuma gani yake shi ne ƙarshen tarbiyya. Ni da ke rarrafe tsakaninsu da ƙuna a hannu, ni ce marar kunya. Girbi kuwa bai tsaya jiran kowa ba, aka gama shi.

Baffa ya iso da buhun gero da ƙullin kuka, ya kwana ya huta, ya ce bayan la'asar a nuna masa abin. Baba ya fito da tsohuwar rigarsa ta kaki, na goge masa ita. Majalisa ta kwaso kanta ta shigo ba tare da an gayyace ta ba, suka jeru a jikin bango. Mijina ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa kamar kullum, amma Baffa ya ce shigo mana, ya ja jiki ya ɗan matso ciki, yana nan dai a durƙushe.

Baba ya murɗa wuta, jirgi ya tashi. Ya wuce 'yar gadar da aka yi da kwali, ya bi ta bayan rumfunan da Baba ya sassaƙa irin na mahautan bakin layi, ya zagayo. Baffa ya zo da fuska a ɗaure, amma na ga ya sunkuyo.

"Duk wannan da kanka ka haɗa?"

"Da kaina, Yaya. Duba nan."

Ya danna madannin farko. Ƙas. Layi ya juya tsaf, jirgi ya bar hanyar waje ya ɗauki ta ciki. Baffa ya ce ikon Allah, har ya kai hannu ya gyara hula. Zuciyata ta yi sanyi, na ce a raina yau wayar ta kwana lafiya. Saura guda, wanda zai shigar da jirgi tasha ya tsaya.

Baba ya danna. Injin ya yi gurnanin nan da na sani. Na ga harsunan layin sun motsa sun tsaya a tsakiya, shi ma ya gani, ya kai hannu zai kashe wuta amma jirgin ya riga ya iso. Kan ya hau ƙarfen, ya karkata, ya ja taragu suka bi shi, ya gangara ta bakin tebur ya faɗa kan ƙafar Baffa. Wani daga cikin tsofaffin ya yi tarin da ba tari ba ne.

Baffa ya sunkuya ya ɗauki kan jirgin yana juya shi. "Me ya same shi?"

Ni mijina nake kallo. Daga inda yake durƙushe, ƙarƙashin teburin yana daidai idonsa. Na ga ya bi jar wayarsa da kallo, sanda-sanda a lanƙwashe da tsummokaran atamfata a jiki, har zuwa ɗan injin da ta ture ya karkace. Kallo ɗaya ya ishe shi. Fuskarsa ta canza. Ya buɗe baki zai yi magana, wallahi ya buɗe, wannan na shaide shi.

Baba ya riga shi.

"Ni ne, Yaya. Kayan lafiyarsu ƙalau. Hannuna ne kwana biyu yake rawa, kuma na mance wanne ne madannin tasha."

Hannun nan ba ya rawa, ni na san shi, da shi yake zura zare a allura in ni na kasa. Kuma madannan da kansa ya jera su. Amma ya faɗa, a gaban mutanen da ya shekara yana cika wa kunne da labarin aikinsa, kuma abin da ya faɗa shi ne daidai abin da Baffa ya taso tun daga Kano don ya ji. Mijina ya mayar da bakinsa ya rufe, don ba a ƙaryata suruki a gaban jama'a.

"Baba, ai wayar ce ta..." na fara.

"Uwata, baƙi ba su sha ruwa ba."

Na fita. Ina jera kofuna a faranti ina kuka, kukan baƙin ciki da takaici, ina jiyo muryar Baffa daga ciki. Da faɗa ya yi da ya fi mini sauƙi. A hankali yake magana, kamar da marar lafiya. Ya ce ba komai, tsufa ne, kowa can za shi, a fara haɗa kaya.

Washegari da sassafe, kafin majalisa ta zauna, mijina ya zo a ƙafa, babu keke babu 'yan kallo. Ya ajiye baƙar leda a bakin ƙofa ya gaisa ya tafi. Na buɗe. 'Yan naɗi uku ne, ja da baƙa da rawaya, masu laushi, kaurin taliya. Tun farko suna nan a shagonsa, a layin ƙasa inda ƙura ke hawa. Baba ya leƙa ledar ya ce Allah ya yi albarka, da muryar da ya faɗa wa ta farko, ko ɗigo bai canza ba.

Ban nemi izinin kowa ba. Na shiga ƙarƙashin tebur na datse jar wayar injin tasha, na gyara masa zama, na liƙa sabuwa. Dalma ta kama nan take. Na fito na danna da kaina, ƙas, na sake dannawa, ƙas. Na ce Baba bari in kira Baffa ya zo ya gani.

"Kada ki kira shi."

"Don me? Ga shi yana yi."

"In ya juya yau, sai a tambayi abin da ya hana shi jiya."

Na fita na bar masa ɗakin. Na je na sami mijina a shago, a gaban masu sayayya na ce masa in shi ma bai da bakin magana to ya ara. Ya rufe shago ya biyo ni. Ya sami Baffa a tsakar gida yana alwala, ya durƙusa, ya ce Baffa abin da ya faru jiya laifin kayansa ne, wayar da ya kawo ce ta yi kauri, Baba lafiyarsa ƙalau. Gumi yake yi yana faɗa, na san abin da maganar ta ci masa.

Baffa ya ajiye buta ya dube shi da fara'a. "Allah ya yi maka albarka, yaro. Kana rufa wa surukinka asiri, haka ake so. Ashe a Legas ma akwai sauran masu kunya." Ya ɗauki butarsa ya ci gaba da wanke ƙafa.

A mota suka tafi, don Baffa bai yarda da jirgin ƙasa ba. Teburin ba ya fita ta ƙofa sai an farfasa, aka bar shi. Muka raka su tashar manyan motocin arewa, mijina yana can yana fama da masu lodi kada su danne kayan Baba da buhunan wasu. Baba yana tsaye da carbi a hannu yana kallon titi, wani mai burodi ya gaishe shi da Yarbanci ya amsa. Na yi niyyar in yi shiru, na kasa.

"Baba, kalma ɗaya ce fa. Da ka ce wayar ta yi kauri, da yanzu kana ɗakinka."

Ya ɗan juya wajen da mijina ke tsaye a bayan mota, bai dube shi sosai ba, ya dawo da idonsa kaina.

"A gaban majalisa? Su ce ga mai sayar da waya bai san waya ba, ya kunyata surukinsa a gaban yayansa? Kin san bakin mutanen nan. Maganar za ta bi shi har shago, kullum kuma ya dawo miki da ita gida." Ya ja carbinsa. "Ni tafiya zan yi, Uwata, ko yau ko wata rana. Ke ce za ki zauna da shi."

Har yau ina jin haushin maganar nan, don ban sami inda zan kama ta in ƙaryata ba. Kwandasta ya buga jikin mota ya ce masu tafiya su shiga. Matakalar tana da tsayi, Baffa ya ɗaga ƙafa ya kasa, sai Baba ya riƙe masa damtse da hannu ɗaya ya ɗora shi, sannan ya hau a bayansa.